Wankin da na yi a rana ta tara

A haihuwata ta fari tsoro ne ya kwantar da ni. Abin da aka ce in yi na yi, wanda aka hana na bari, ko dalili ban tambaya ba. Ta biyu kuwa na shige ta ina ganin na san hanya. Naƙudar ba ta yi tsawo ba, ɗinkin da aka yi mini kaɗan ne, washegari aka sallame mu. Kwana 5 da haihuwa ina kai da kawo a gida, duk wadda ta gan ni sai ta ce, “Ke kam kamar ba ki haihu ba.” Wannan yabon ne ya ja ni.

A rana ta tara kayan jariri sun taru, ga na yayarsa. Na tsuguna na wanke su tas, na ɗaga bokiti cike da ruwa ya fi sau uku, na ɗora da shara. Kafin yamma, jinin da ya riga ya ragu ya koma ruwan ƙasa sai ya dawo ja wur, har da ɗan guda. Jikina ya yi sanyi. Na kira ungozomar da ta karɓi haihuwata, murya na rawa.

Ba ta yi mini faɗa ba, tambayoyi ta jero. Awa nawa audugar ke yi kafin ta jiƙe? Gudan jinin yaya girmansa? Akwai wari? Zazzaɓi fa, ko jiri? Da na amsa sai ta ce, “Maman jariri, ki je ki yi fitsari, ki kwanta, ki ba shi nono. Idan audugar ta jiƙe sharkaf cikin awa 1, ko kika ji jiri, kada ki jira gari ya waye, ki taho ko ƙarfe nawa ne. In ba haka ba, gobe da safe ina son ganinki.”

Jinin ya lafa cikin dare. Da safe ta duba ni, ta danna marata, ta auna jinina da zafin jikina, sannan ta buɗe tafin hannunta ta ce, “Kin ga wannan? Gurbin da mabiyiya ta bari a cikin mahaifarki ya kai haka, ciwo ne ɗanye. Da a ƙafarki yake, kina kallonsa, da ba ki taɓa bokiti ba.” Ta bayyana mini cewa mahaifa takan kai kusan kilo 1 bayan haihuwa, kuma sai ta yi wajen mako 6 kafin ta tsuke ta koma ƙasa da giram 100. Murɗawar marar da nake ji duk lokacin da yaron ya kama nono, wadda ta fi ta haihuwar fari zafi nesa ba kusa ba, aikin tsukewar ne: tsotson nono na sa jiki ya saki sinadarin da ke matse mahaifa, kuma ciwon yakan fi tsanani daga haihuwa ta biyu zuwa sama. Ta ƙara da cewa a mako na biyu jini kan ɗan ƙaru da kansa idan ɓawon ciwon ya ɓare, don haka ba lallai wankin kaɗai ne ya jawo ba. Ni dai na san abin da na aikata.

Daga ranar na daina auna lafiyata da madubi ko da bakin mutane, jinin biki ya zama ma'aunina. Yakan fara ja, ya koma ruwan ƙasa, ya ƙare da fari-fari mai ɗan rawaya, yawanci cikin mako 4 zuwa 6. Duk ranar da na ga ya ƙaru bayan wani aiki, washegari sai in rage. Ban kuma kwanta rashe-rashe ba, don ita ma doguwar kwanciya tana da nata haɗarin, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Tafiya kaɗan-kaɗan nake yi a cikin gida, kuma ban ɗaga abin da ya fi jaririn nauyi ba. Roƙon a taya ni aiki ya fi ɗinkin yi mini ciwo, amma na roƙa.

Abubuwan da ungozomar ta ce kada in yi wasa da su na rubuta na manna a bayan ƙofa, don maigida ma ya gani: zazzaɓin da ya kai digiri 38, jini mai wari, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburi da ciwo a sharaɓa ɗaya, numfashi sama-sama. Na ciwon kan ya ba ni mamaki, na ɗauka hawan jinin masu ciki yana tafiya da zarar an sauka, ashe yana iya tasowa bayan haihuwa har ya kai ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego sau 4: cikin awa 24 na farko, a rana ta 3, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na 6. A haihuwar fari sai rigakafin yaro ke kai ni asibiti, ban taɓa tunanin nawa jikin ma yana da layinsa ba.

Akwai kuma abin da mata ba sa faɗa sai an matsa. Bayan gida na farko bayan ɗinki, na fi jin tsoronsa fiye da naƙuda. Shan ruwa da yawa, da ɗora ƙafafu a kan ƴar kujera, da tallafe wurin ɗinkin da auduga mai tsabta ne suka taimake ni. Sai fitsari. Atishawa ɗaya, zani ya jiƙe. Na yi makonni ina ɓoyewa, sai a dubawar mako na 6 na faɗa da ƙyar, ina kallon ƙasa. Ungozomar ko gezau ba ta yi ba. Ta ce tsokar ƙasan mara ce ta saki bayan ɗaukar nauyin wata 9, ta koya mini matse ta kamar mai riƙe fitsari da iska lokaci guda, in ƙirga kaɗan in saki, sau 10, sau 3 a rana, amma ba a lokacin da nake fitsari ba. A zaman nan ne kuma ta tuna mini cewa ciki na iya shiga tun kafin al'ada ta dawo, muka yi maganar tazara.

An ce na warke a mako na 6, jikina bai yarda ba tukuna. Tumbin yana nan, bayana na ciwo, a wata na 4 gashi ya riƙa cika mataji har na tsorata, kafin ya tsaya da kansa. Matse tsokar nan kuwa na haɗa shi da shayarwa don kada in manta, yaro na tsotso ina ƙirge. Yana da wata 5 mura ta kama ni. Na yi atishawa uku a jere a tsaye, na tsaya cik ina jira, na shafa zanina, a bushe yake.