Tafiyata Klaksvík, garin masuntan da suka ci Ferencváros uku da nema

Bizar Turai da ke manne a fasfona ba ta isa ta shigar da ni Tsibiran Faro ba, duk da cewa suna ƙarƙashin masarautar Danmak. Tun 1948 suke tafiyar da harkokin cikin gidansu da kansu, ba sa cikin Tarayyar Turai, saboda haka sai da na nemi izinin da aka rubuta sunansu ɓaro-ɓaro a jiki. Abokaina na Kofanhegan sun sha dariya. A cewarsu mai hankali in ya tara kuɗin kallon ƙwallo Madrid yake nufa ko Landan, ba wasu duwatsu a tsakiyar teku ba. Ni kuwa tun daminar 2023 nake da tambayar da ta hana ni sakat: yaya aka yi ƙungiyar Klaksvík, garin da mutanensa ba su wuce 5,000 ba, ta shiga matakin rukuni na gasar Turai?

Jirgin sama na yin kamar awa biyu daga Kofanhegan zuwa tsibirin Vágar, inda filin jirgi ɗaya tilo na ƙasar yake. Sojojin Birtaniya ne suka gina shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Muna ta ratsa hazo ba a ganin komai, kwatsam sai ga dutse kore shar dab da fiffiken jirgi, na yi ta salati a zuci, matar da ke kusa da ni kuwa saƙarta kawai take yi. Tsibirai 18 ne, mutanensu kimanin 54,000, tumaki sun fi su yawa. Bishiya kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba. Ciyawa ce da dutse da ruwa mai gangarowa daga kowane tsauni.

Daga filin jirgi na hau shuɗiyar bas zuwa Tórshavn, babban birni, daga can na kama wata zuwa arewa. A wannan hanyar na fara gane wani abu game da ƙwallon ƙasar. Tsibiran a rarrabe suke, amma an fafe ƙarƙashin teku an haɗa su da titi. Ramin ƙarshe kafin ka isa Klaksvík, wanda ake kira Norðoyatunnilin, an buɗe shi a 2006, tsawonsa ya ɗan haura kilomita shida, ya taso daga ƙauyen Leirvík ya ɓulla a tsibirin Borðoy. A tsakiyarsa, inda ya fi zurfi, an ƙawata bango da fitilu masu launi, ja da shuɗi da kore, aikin wani mai zane ɗan ƙasar, Tróndur Patursson. Kafin a haƙa shi, duk wanda zai je Klaksvík sai ya jira jirgin fito, har da 'yan wasa da alƙalin wasa, kuma in teku ta yi fushi sai haƙuri. Yanzu ɗan wasa na iya tashi daga aiki a Tórshavn ya tuƙo mota ya iso atisaye da yamma.

Klaksvík ta zauna ne a tsakanin tsaunuka biyu, gidaje sun kewaye bakin ruwa hagu da dama, jiragen kamun kifi a tsakiya. Ita ce gari na biyu mafi girma a ƙasar, kuma cibiyar kamun kifi. Ƙarnin kifi ne ya fara yi mini maraba. Ban ƙi ba, don kuwa kifin ne ya rufa mini asiri a wajen abinci. Mai masaukina, wata dattijuwa mai yawan fara'a, ta ba ni labarin naman tunkiya da suke ratayewa a wata rumfar katako mai ramuka iska ta busar da shi wata da watanni, ba gishiri ba wuta. Na leƙa na gani. Ɗan uwan kilishi ne ta wajen dabara, amma warinsa kaɗai ya isa ya sa baƙo ya ja da baya, ga kuma batun yanka, sai na yi godiya na tsaya a kan kifi da dankali. Wata wahalar ita ce salla. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗaya na dare, kuma duhun kirki ba ya shiga, kafin ka gyara kwanciya gari ya waye.

Filin ƙungiyar, Við Djúpumýrar, yana can gefen gari, da ƙafa ake zuwa. Ba katanga mai tsawo, ba mai gadi da zai tambaye ka takarda. Rumfar 'yan kallo ƙarama, ciyawar roba, tsauni a bayan raga. Kusan duk filayen ƙasar na roba ne, domin ruwan sama da iska ba sa barin ciyawar gaske ta yi ƙarko, kuma ana buga kakar ne daga Maris zuwa Oktoba don a kauce wa hunturu. Lokacin da na isa yara ne a ciki, maza da mata a haɗe, wasu ba su kai shekara takwas ba, kowa da shuɗiyar riga. Ana yayyafi, iska na kaɗa ƙwallo tana karkatar da ita, amma ban ga uwar da ta zo ta janye ɗanta ba. Wata yarinya ta buga ƙwallo sama, iska ta dawo mata da ita ta faɗo a bayanta, ta juya ta bi abarta kamar ba abin da ya faru.

A nan na haɗu da wani dattijo, tsohon masunci, yana jingine da ƙarfen da ya kewaye fili yana kallon jikansa. Da ya ji daga inda na fito da abin da ya kawo ni, sai ya gyara tsayuwa. Na lura ba 2023 ya fara kawowa ba. Daga 1904 ya faro, shekarar da aka kafa KÍ, ƙungiyar garin, wato shekara guda da babbar kishiyarta HB ta Tórshavn. Da aka fara gasar ƙasa a 1942, ana tsakiyar yaƙi, KÍ ce ta fara ɗaukar kofin. Daga nan har farkon shekarun 1970 ita ce mai faɗa a ji, har ta jera kofi biyar daga 1966 zuwa 1970. Sai abin ya ja baya. Bayan 1972 ba ta sake ci ba sai 1991, sannan 1999, daga nan kuma shiru. A 2009 ta faɗa rukuni na biyu, karo na farko a tarihinta. Da dattijon ya zo nan sai ya rage murya, kamar mai ba da labarin rasuwa a dangi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a daidai shekarun da maza ke rarrafe, matan KÍ su ne suka riƙe sunan garin. Sun ci gasar mata ta ƙasa sau 17 a jere, daga 2000 zuwa 2016, suna zuwa wasannin Turai kowace shekara. Jaridun da suka yi ta yayata labarin 2023 kaɗan ne suka ambaci wannan, alhali a garin kowa ya san shi.

Maza sun dawo rukunin farko bayan shekara ɗaya, amma gyaran gaske ya fara ne a 2015 da aka ba Mikkjal Thomassen aikin horarwa. Ɗan ƙasa ne, tsohon ɗan wasan tawagar Faro. Shekara huɗu ya yi bai ci gasar ba, kuma ba a kore shi ba. A ganina nan ne sirrin yake, ba a daren da suka ci Ferencváros a Budapest ba. A 2019 kofi ya dawo Klaksvík bayan shekara 20. A 2020, lokacin korona, aka haɗa su da Slovan Bratislava a share fagen gasar Zakarun Turai, cutar ta ɓulla a tawagar baƙin, hukumar UEFA ta ba KÍ nasara a kan tebur. Masu cewa sa'a ce ba su daɗe suna faɗa ba, domin a watan Satumba na shekarar suka yi wa Dinamo Tbilisi ta Jojiya ruwan ƙwallaye, shida da ɗaya. Wasa ɗaya ya rage su shiga rukunin gasar Europa, Dundalk ta Ailan ta tare su da ci uku da ɗaya. Suka koma gida suka ci gasar 2021 da ta 2022. Thomassen ya tafi Norwe, aka ɗauko Magne Hoseth, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Molde ta Norwe, ya tarar da gini a tsaye.

Sai Yulin 2023. Zagayen farko na share fagen Zakarun Turai, aka haɗa su da Ferencváros, ƙungiyar da ta fi kowace tarin kofuna a Hungari. Wasan farko a Faro aka tashi babu ci. Kowa ya ɗauka a Budapest za a yi musu kaca-kaca, a filin da zai ɗauke mutanen Klaksvík gaba ɗaya har sau huɗu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci KÍ na da uku. Árni Frederiksberg ya zura biyu, ta farko a bugun fenareti, Luc Kassi ɗan Kwaddibuwa ya ƙara ta uku. Haka aka tashi, uku da nema, kuma kocin Ferencváros, Stanislav Cherchesov, wanda ya kai Rasha zagayen kwata-fainal a Kofin Duniya na 2018, ya rasa aikinsa. Zagaye na biyu suka gamu da Häcken, zakarun Suwidin: babu ci a gida, uku da uku a waje bayan ƙarin lokaci, KÍ ta wuce a bugun fenareti. Wannan nasarar ce ta tabbatar musu da gurbi a matakin rukuni ko da sun sha kashi a gaba, abin da wata ƙungiyar Faro ba ta taɓa yi ba. Molde ma sai da ta sha biyu da ɗaya a Faro kafin ta fitar da su a ƙarin lokaci a Norwe. Sheriff ta Maldoba ta hana su Europa, suka sauka gasar Conference, ta uku a daraja cikin gasannin Turai.

Rukuninsu akwai Lille ta Faransa, wadda Victor Osimhen ya bari ya koma Napoli a 2020, da Slovan Bratislava, da Olimpija Ljubljana ta Sulobeniya. Filin Klaksvík bai cika sharuɗɗan wannan mataki ba, don haka a Tórsvøllur, filin tawagar ƙasa da ke Tórshavn, suka riƙa karɓar baƙi. Dattijon ya ce ranar wasa garin kan zama kamar an yi shara, motoci a jere cikin rami, shaguna a rufe. Sun riƙe Lille canjaras babu ci, sun lallasa Olimpija uku da nema. Slovan ta rama abin 2020, ta doke su gida da waje. Suka ƙare a ƙarshen rukuni da maki huɗu. Ba wanda ya ji kunya. Kuɗin shiga rukunin kaɗai ya kusa Yuro miliyan uku, ban da ladan nasara da na canjaras, a ƙasar da yawancin 'yan wasa ke da wata sana'a da rana.

Wannan batun sana'a jaridun Turai sun so shi ƙwarai, har sun zuzuta shi fiye da kima, kamar dai wasu masunta ne suka ajiye koma suka ɗauki takalmi. Gaskiyar ta fi haka. Na tsaya har manya suka fito atisaye, na ga tsari irin na ƙwararru: an jera alamomi, an raba rukuni, mai horar da masu tsaron raga na gefe da nasa aikin, ba hira ba wasa. Akwai baƙin 'yan wasa daga Norwe da Danmak da wasu wurare. Amma ƙashin bayan ƙungiyar 'yan gida ne irin su Jákup Andreasen da Páll Klettskarð, waɗanda suka daɗe suna buga wasa tare har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Da aka tashi, na ga ɗaya daga cikin manyan ya tsuguna yana ɗaure wa wani yaro igiyar takalmi, sannan ya rataya jakarsa ya bi titi da ƙafa. Yaron da ke ganin wanda ya buga da Lille a layin biredi kowace safiya ba zai ɗauki abin a matsayin tatsuniya ba.

Ba kuma daga sama abin ya faɗo wa ƙasar ba. Faro ta shiga FIFA a 1988, UEFA a 1990, kuma a wasanta na farko na gasa ta ci Ostiriya ɗaya da nema, a garin Landskrona na Suwidin, saboda a lokacin ba su da filin ciyawa da aka amince da shi. Torkil Nielsen ya ci ƙwallon. Har yau in ka ambaci sunansa fuskar dattijai kan washe.

Kafin in bar garin na shiga cocin Christianskirkjan, wanda aka buɗe a 1963, don ganin kwalekwalen katako da aka rataye a rufinsa. Na kuma hau tsaunin Klakkur da sassafe, hazo ya rufe komai, ban ga ko tafin hannuna ba, na sauko da jiƙaƙƙen wando.

A bas ɗin komawa, muna fitowa daga rami a Leirvík, direba ya nuna mini ƙauyen da haɓa ya ce nan ma akwai 'yan ƙwallo. Ƙungiyarsu ta haɗe da ta garin Gøta a 2008 suka zama Víkingur. Zuwa ƙarshen 2023 KÍ na da kofin gasa 21, HB na da 24, kuma mutanen Klaksvík sun fara lissafin shekarar da za su kamo ta. Hoseth ya tafi Lyngby ta Danmak a farkon 2024. Da aka rufe kakar shekarar a watan Oktoba, Víkingur ce ta ɗauke kofin, maƙwabtan da ke ɗaya bakin ramin.