Sabon Madabod, Tsohon Lasisi

A shagona ba a kwance ko noti ɗaya a jikin kwamfuta sai an duba lasisin Windows ɗinta. Wajen maigidana na gaji wannan, tun zamanin Windows 7, lokacin da lambar lasisin mai harufa 25 take manne a ƙasan laftof. Yakan sa ni in kwafe ta a littafi, saboda zafi da gumin cinya suna cinye takardar. Ranar da na manta, har la'asar ina shan faɗa.

Daga Windows 8, a 2012, kamfanoni suka koma binne lambar a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar tada kwamfuta da ke jikin madabod, babban faifan da sauran kayan ciki ke haɗe da shi. A wajen Microsoft, madabod shi ne kwamfutar. Ƙara RAM, sauya SSD, ba ruwansu. Amma kana sa wani madabod sai rubutun "Activate Windows", wato a kunna lasisin, ya fito a kusurwar allo, wani lokaci da lambar kuskure 0xC004F211.

Shi ya sa idan na'urar tana da sauran numfashi, nakan fara haɗa lasisin da asusun Microsoft na mai ita. Bayan aiki in shiga wajen warware matsalar lasisi, in nuna an canza kayan ciki, in zaɓi kwamfutar a jerin na'urorinsa. Sharaɗi dai bugun ya zama ɗaya: lasisin Home ba ya buɗe Pro. Lasisin da aka saya daban yakan bi mai shi ba gardama. Wanda ya zo daga kamfani kuwa, a ƙa'ida ya auri madabod ɗin farko, sai dai sau da yawa madabod na hannu da muke sawa yana ɗauke da tasa lambar, kuma nakan duba kafin in biya dila.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu aikin sha-yanzu. Su kashe manhajar tsaro, su saka kirak, wato manhajar satar lasisi, rubutu ya ɓace, su karɓi rabin kuɗin da nake karɓa. Sau da yawa irin wannan kunnawar ta kwana 180 ce, in ba ta sabunta kanta ba rubutun ya dawo. Sai kwastoma ya zo yana cewa, "Malam, ai can sun fi ka sauƙi." Nakan ce, "Alhaji, sauƙin ne ya dawo da kai." Sai in jawo masa kujera, in tambaye shi ko yana tuna kalmar sirrin imel ɗinsa, don mu shiga asusunsa na Microsoft. Mafi yawa ba sa tunawa, nan ma wani rabin awa ne.