Yadda na daina haƙa ramukan banza a bakin teku

Lokacin da na sayi na'urar gano ƙarfe 'yar gwanjo a kasuwar Alaba da ke Legas, na ɗauka da zarar ta yi ƙara sai dai in sa shebur in ɗauko abin da ke ƙasa. Asabar ɗin farko da na taso daga Agege zuwa bakin teku a Lekki, na yi ta haƙa ramuka masu faɗin bakin daro, yawancinsu babu komai a ciki, har wani mai sayar da kwakwa ya tambaye ni ko rijiya nake son ginawa.

Kuskurena shi ne ina haƙa wurin da ƙarar ta fara, alhali faifan da ke bakin na'urar yana jin ƙarfe tun kafin ya iso kansa. Ban gane hakan ba sai da na binne naira ɗaya ta ƙarfe, irin wadda aka fitar a 2007 kuma ba mai karɓarta yanzu, a tsakar gidanmu, a zurfin santimita 10, sannan na yi ta gwaji a kanta tunda na san inda take.

Abin da na saba yi yanzu shi ne in kaɗa faifan a hankali daga gabas zuwa yamma, ina rage faɗin kaɗawar har in tsaya inda ƙarar ta fi ƙarfi, in ja layi da ƙafata. Daga nan in juya in kaɗa daga kudu zuwa arewa, inda layukan biyu suka haɗu nan abin yake. Idan ƙarar ta cika wurin duka, sai in ɗaga faifan sama kaɗan, domin nisan yana tsuke inda na'urar ke ji. Faifaina irin wanda ake kira Double-D ne, wanda yake ji ta wani siririn layi a tsakiyarsa, saboda haka nakan ja shi baya ina ɗan girgiza shi har ƙarar ta ɗauke, a lokacin abin yana daidai bakinsa na gaba.

Jiƙaƙƙen rairayi kuwa wata fitina ce daban. Gishirin teku yana ruɗa irin na'urata ta yi ta ƙarar ƙarya, sai an rage mata ƙarfin ji an kuma daidaita ta da ƙasar wurin. Ga shi ramin yana rushewa, abin ya ƙara nutsewa kana kallo. Ma'aunin zurfin da ke jikin na'urar ma ban cika yarda da shi ba, domin an tsara shi ne a kan abu mai girman kwabo, shi ya sa gwangwanin lemo mai zurfi yakan nuna kamar kwabo a kusa.

A watan jiya wani dattijo ya tare ni ya ce, "Malam, zobena na azurfa ya suɓuce a nan lokacin da nake alwala." Murafun kwalba biyu na fara tonowa. A karo na uku na ja layukana, na ajiye shebur gudun kada in karce zoben, na sa hannu na ɗebo rairayi cikin tafi biyu, sai ga shi a ciki.