Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kakar 2015, shekarar da aka ci Masu Gida a gida

A makon jiya mun tsaya a kan kofuna uku da Kano Pillars, wato Masu Gida, ta ɗauka a jere, 2012, 2013 da 2014. Yau sai 2015. Amma kafin nan, wanda bai san lissafin firimiyar Najeriya ba, ba zai gane abin da ya girgiza ƙauyukanmu na gefen Wudil a wannan shekarar ba.

Ƙungiyoyi 20 ne, kowacce wasa 38: 19 a gida, 19 a waje. Nasara maki 3, canjaras maki 1, huɗun ƙarshe su gangara gasar 'yan dagaji. Wanda ya cinye wasanninsa na gida kaf yana da maki 57 a aljihu. Sauran abin da zai kai shi ga kofi sai ya tsinto shi a waje, ɗaya-ɗaya, kamar kalar gyaɗa bayan an gama cira. Shi ya sa koci idan zai fita waje ba ya ƙyashin cika tsakiya da baya, ya bar ɗan gaba ɗaya tal. Ya samo canjaras a Aba ko Fatakwal, ya yi ciniki.

Me ya sa cin waje ke wuya haka? Mutane sun fi saurin cewa alƙalin wasa, kuma ba za a ce babu wannan ba, fenaretin minti na 90 ba baƙon abu ba ne a gasar nan. Amma ni a ganina hanya ta fi alƙali cin 'yan wasa. A mota ake tafiya. Daga Kano zuwa Owerri sai an bi Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, a tsallaka kogin Kwara a Anacha. Ɗan wasa ya yini a naɗe a kujera, ƙafa ta kumbura, cinya ta ɗaure, ga abincin da cikinsa bai saba da shi ba. Idan makon mai wasa biyu ne, Laraba da Lahadi, kwanakin tsakani a kan kwalta suke ƙarewa, ba a filin atisaye ba. Canji kuwa uku ne kawai a lokacin, saboda haka mutum takwas dole su cika minti 90 da wannan gajiyar.

A kan wannan hanyar ce abin ya faru. A watan Maris, Pillars na tafiya Owerri don wasan buɗe kaka da Heartland, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a wajen Abaji. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Mohammed, ɗan gaban da ake ji da shi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sai dai ƙungiyar da ta fara kaka da maza biyar a gadon asibiti, tsarin da koci ya yi watanni yana ɗinkawa ya warware ke nan. Wanda aka saya don benci shi ne zai fara wasa, wasan da aka ɗage kuma sai an cusa shi tsakiyar mako a gaba.

Duk da haka gida na nan, kuma da shi muke tinƙaho. Shekara 12 ba a ci Pillars a gida a gasar ba. Ɗan ƙauye mai son kallo da ido dole ya bar gona da hantsi, don ƙarfe 4 ake take ƙwallo: motar Wudil ta sauke shi Unguwa Uku, a-daidaita-sahu ya kai shi Ƙofar Mata, ya yi azahar kusa da filin Sani Abacha, ya shiga layi da wuri. Wanda ya makara sai tsayuwa a rana. Mafi yawanmu kuwa rediyo ne, a gindin darbejiya, an ɗora ta kan turmi.

A watan Agusta, damina ta kankama, gero ya fitar da kai, Nasarawa United ta zo Kano ta ci 2 da 1. A majalisarmu wani dattijo sai da ya jijjiga rediyon, ya ce da mai ita, "Malam, batirin nan naka ne ya yi sanyi, sake kamo tashar." Tun daga ranar baƙi suka daina shigowa Ƙofar Mata da tsoro.

Enyimba ce ta ɗauki kofin a ƙarshen kaka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai batun sayen 'yan wasa a hutun tsakiyar kaka.