Wutar da ba ta da harshe

Daren farko da na rage wa murhun itacen da ke ɗumama gidanmu iska kamar yadda littafinsa ya ce, ina zaune ina kallo harshen wutar ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, ya ɓace ɗungurungum. Gilashin ƙofar ya yi duhu, sai ɗan ja can ƙarƙashin itacen. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, a wannan sanyin za ka kashe mana wuta?" Ban ba ta amsa ba, don abin da ke raina ke nan. Duk wanda ya girma a gaban murhun duwatsu uku ya san wutar da ta rasa harshe ta koma hayaƙi tana neman mafici ne. Na miƙe na buɗe mata iska gaba ɗaya, wuta ta kama ganga-ganga, muka ji daɗi. Ƙarfe biyun dare sanyi ya tashe ni, na tarar da toka.

Gidan yana bayan garin Duluth ne, a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, ba nisa da tafkin Superior. A watan Janairu akwai dararen da sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Da murhun muka sayi gidan, ban kuma kula shi ba sai da na ga abin da motar gas ke karɓa duk zuwan da ta yi. Ga daji kewaye da mu, ga gatari. Na ce wa kaina ai hura wuta ba sai an koya wa Bahaushe ba.

Murhun akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, amma a samansa, inda hayaƙi ke bi kafin ya shiga bututu, akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Katalis ake ce masa, mu dai a gida saƙa muke kiransa. An yi shi da tangaran ko ƙarfe, aka shafa masa ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam. Hayaƙin itace makamashi ne da bai ƙone ba, kuma a karan kansa ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 1,100 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi, kusan 600 ke nan a Salshiyas. In ya ratsa ta cikin saƙar kuwa, digiri 500 ya isa, wato 260 a namu lissafin. Saboda haka ana iya shaƙe wutar ƙasa ta yi ta turara kamar ramin masu gawayi, saƙar tana cinye hayaƙin a sama tana mai da shi zafi. Irin waɗannan murahu sun yaɗu ne bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta soma ƙayyade hayaƙin murhun itace a 1988, kuma tun 2020 sabon murhu ba ya samun shaidarta in ƙurar hayaƙinsa ta wuce giram 2 zuwa 2.5 a awa.

A gefen murhun akwai wani hannu mai buɗe wa hayaƙi hanyar ratse, ya wuce kai tsaye zuwa bututu ba tare da ya bi ta saƙa ba. A sama kuma ga ma'aunin zafi, tsinkensa na soke dab da bayan saƙar. Duk aikin tsakanin abubuwa uku yake: hannun ratse, makunnin iska, da allurar wannan ma'auni. Na yi wata guda ina juya biyun farko ba na ko kallon na ukun.

Bayan na daina tsoron duhun gilashi, sai na faɗa kuskure na biyu, gaggawa. In zuba itace, da na ga ya kama in rufe ratse, in murɗe iska zuwa ƙasa, in haye gado. Da asuba ɗakin sanyi ƙalau, itacen ya yi baƙi bai cinye ba, gilashi ya yi kauri da wani abu mai danƙo kamar kwalta, gidan na warin ƙauri. Saƙar ba ta kai zafin da za ta kama ba, ni kuwa na tura mata hayaƙi mai sanyi dare guda cur. Abin da ba ta ƙona ba yana bututu yana daskarewa.

Mai sharar bututu ne ya nuna mini aika-aikata a ƙarshen Disamba. Ya sauko daga rufi da bokiti, a ciki ga wasu ɓaraguzai baƙi wuluk masu ƙyalli. Wannan ba kunkunniyar rufin madafa ba ce da ake kakkaɓewa da tsintsiya. Kwaltar hayaƙi ce, tana taruwa duk lokacin da hayaƙi ya huce ƙasa da digiri 250 na Farenhait kafin ya fita, kuma ranar da ta kama wuta a cikin bututu gobara ce. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Ya je rumfar itace ya ɗauko guda, ya faskara shi biyu, ya soka wata 'yar na'ura mai haƙora biyu a sabuwar fuskar. Ta nuna 31. Ya ce ba ya son ganin abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na danshi.

A nan raina ya ɓaci, domin wanda ya sayar mini da itacen ya rantse busasshe ne. Da na natsu sai na gane ba lallai ƙarya ya yi ba, a wurinsa itacen da aka sare da bazara ya bushe. A gida itacen da ya sha ranar Maris da Afrilu ba a tambayar bushewarsa. Nan kuwa rana ba ta da wannan ƙarfin. Itacen ok, wanda shi ne ƙiryarsu wajen nauyi da daɗewar garwashi, yana son shekara biyu a faskare a jere, iska na ratsa shi, an rufe samansa kaɗai. Mapul da mai farin ɓawon nan da ke ɓarewa kamar takarda sukan yi a shekara ɗaya. Aspen sakwat yake, yana bushewa da wuri, yana kuma cinyewa da wuri. Ɗanyen itace kafin ya ba ka zafi sai ya fara tafasa ruwan cikinsa, tururin kuma shi ke sanyaya saƙar ya kashe ta. Duk murɗe-murɗen da nake yi wa makunnin iska a watannin nan, ashe matsalar tana can rumfa.

Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya kusa tamanin, shi ya cece mu a wannan hunturun. Ya ba ni rancen busasshen mapul rabin kod, a kan in biya shi da nawa in ya bushe. Kod shi ne mudun itace a nan: jeri mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4. Shi ne kuma ya ce in daina kallon gilashi, in riƙa fita waje ina kallon bakin bututu. In saƙa na aiki ba za ka ga komai ba sai iska na rawa kamar ta kan kwalta da tsakar rana. In an yi tsananin sanyi za ka ga farin tururi da ke watsewa nan take. In ka ga shuɗi ko toka-toka yana jan jela a sama, to kuɗinka ne ke tafiya.

Yanzu ga yadda nake yi. Ba na jiran wuta ta mutu, ina ƙara itace ne tun akwai garwashi mai kauri. Na fara buɗe ratse da iska, in dakata minti biyu kafin in buɗe ƙofa, in ba haka ba hayaƙi ya bugo ɗaki, iska mai sanyi kuma ta daki saƙa tana da zafi, abin da ke tsattsaga ta ke nan. In jawo garwashin gaba, in jera manyan faskare a matse, ƙanana a bakin garwashi. Itacen ma sai wanda ya kwana a cikin gida, ba na ɗauko mai dusar ƙanƙara a jiki in jefa. In rufe ƙofa in bar wuta ta ci sosai. Allura ta haye digiri 500 na Farenhait, in rufe ratse. Daga nan ne haƙurin yake: minti ashirin zuwa talatin iska a buɗe, har kowane itace ya yi baƙi ta ko'ina. Sannan in rage kashi ɗaya, in jira minti goma, in sake ragewa. Sau uku nake yi. In allura ta hau ta zauna tsakanin 1,000 da 1,300 alhali harshen wuta ya ɓace, an dace. Allurar tana da nawa, takan yi mintuna kafin ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki, don haka wanda ke murɗawa duk lokacin da ta motsa zai kwana yana bin inuwarsa.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, da ka rage iska sai zafin saƙar ya ƙaru. Hankali ya ce ya kamata ya ragu. Amma harshen wuta shi ma hayaƙi yake ci, in ka kashe shi duk abincin ya koma wa saƙa. Wani lokaci in ka leƙa ta ƙasan gilashi za ka gan ta ta yi jawur kamar ƙarfe a maƙera. Rashin jan ba ya nufin ta mutu, allura ce shaida.

Na san ɗaya ɓangaren a wani daren Fabrairu. Sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa, kuma a irin wannan dare bututu na zuƙar iska da ƙarfin da ba ya yi a sauran kwanaki, saboda tazarar zafin ciki da na waje. Na cika murhu da ƙananan faskare busassu ƙayau, na yi saitin da na saba. Minti arba'in allura ta wuce 1,500 tana neman 1,600, inda zafi ke fara cin shafen saƙar. Ƙarfen murhu na ƙas-ƙas. Hannuna ya kai kan makunni zan shaƙe iska gaba ɗaya, sai na tuna abin da ke faruwa in an rage. Na ƙara iskar kaɗan har harshe ya dawo cikin akwatin ya raba hayaƙin da saƙa, na kunna fankar murhu, na zauna a ƙasa ina salati. Ta sauko a hankali. Laifin na ƙananan faskaren ne, sun saki hayaƙinsu gaba ɗaya lokaci guda. Tun ranar, ƙanana na kunnawa ne kawai, na kwana kuwa sai masu kaurin cinya.

Maganar daɗewa ita ce mutane suka fi so su ji, ita ce kuma aka fi ruɗin kai a kanta. A Disamba rana kan faɗi nan wajen ƙarfe huɗu da minti ashirin, Isha'i wajen shida, Asuba ma wajen shida, kusan awa goma sha biyu ke nan tsakani. Burina na farko shi ne in zuba bayan Isha'i in tarar da garwashi da Asuba, kuma da busasshen ok yana yiwuwa, har da rara. A Oktoba ko Afrilu, da sanyin bai wuce na hunturun Jos ba, zubi ɗaya yakan kai ni awa goma sha takwas. Sai dai zafin da ke cikin cikon murhu ɗaya ƙayyadadde ne, kamar albashi. Ka baza shi a awa goma sha takwas, kowace awa ta sami kaɗan. A daren Janairu gidan na zubar da zafi fiye da wannan kaɗan ɗin, sai ka tashi da garwashi mai kyau a cikin ɗaki mai sanyi, yara na makyarkyata. A irin waɗannan kwanaki awa takwas nake nema, zubi uku a yini, na ƙarshe ƙarfe goma na dare. Na daina gasa da agogo tun randa uwargida ta tambaye ni ko garwashin za mu lulluɓa.

Saƙar ba ta son shara. Itace mai fenti, katakon da aka jiƙa da magani, leda, takarda mai kala, duk suna lalata shafenta, kuma in ya lalace sai sabuwa, ba ta da araha. Sau biyu a hunturu, in murhu ya huce, nakan share tokar da ta toshe ramukan da burushi mai laushi, ba a zungura mata waya. Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa kuma da takardar dala nake gwada ta: in rufe ƙofa a kanta in ja, in ta zare salin-alin iska na satar hanya. Toka a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, nesa da bango, domin garwashi kan yi kwanaki a cikinta da rai. Na'urar da ke ƙara in iskar gawayi mai kisa ta taru tana manne a bangon hanyar ɗakin kwana, ina canza mata batir duk farkon sanyi. Wanda ya taɓa jin labarin mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba sai an roƙe shi ba.

Wannan hunturu na huɗu ke nan. Sharar bara kofi biyu na baƙar ƙura mai laushi aka fitar. Itacen da muke ƙonawa yanzu na faskara shi shekara biyu da suka wuce, na baɗi da na baɗin baɗaɗa suna jere a bayan gida, na kuma biya dattijo rabin kod ɗinsa da ɗan ƙari.

Uwargida dai har yau ba ta yarda da baƙin gilashi ba. Ta ce ɗumi daban, ganin wuta daban. Mun sasanta a kan daren Asabar: in buɗe iska, in sa mai farin ɓawo guda uku, harshe ya tashi ya wanke gilashin tas, yara su baje a gabansa da gyaɗa. Ranar ne ma take kiran Hajiya ta bidiyo, don in ta kira a sauran kwanaki, abin da Hajiya ke fara cewa shi ne a miƙa mata ni ta ji dalilin da na bar jikokinta ba wuta.