Yadda Na Bi Sunayen Cikin Naruto Har Tushe

Ƙanena ne ya jawo ni cikin wannan bincike. Muna kallon Naruto, fim ɗin zane na Japan mai ɗauke da sunan yaron da ke jaruminsa, a waya da daddare, sai ya ce, "Yaya, in dai Minato ne babansa, me ya sa ake ce masa Uzumaki, ba Namikaze ba?" Na ce wataƙila masu fassara ne suka ruɗe. Amsar ba ta kwanta mini ba, don haka washegari na koma littattafan zanen na asali, waɗanda Masashi Kishimoto ya fara fitarwa a 1999, ya kammala a 2014 da babi na 700.

Ashe babu wani ruɗani. Namikaze sunan dangin Minato ne, Uzumaki kuwa sunan dangin mahaifiyarsa Kushina ne, kuma da gangan aka ɓoye alaƙarsa da Minato don kada maƙiyan uban su nemi ran yaron. Tun daga nan na daina yarda da maganar da ba a nuna mini babin da take ba, domin akwai sassan fim ɗin da kamfani ya ƙara don cike gurbi, labarinsu ba ya cikin littafin sam.

Ma'anar sunayen ce ta fi riƙe ni. Uzumaki na nufin ruwa mai juyawa. Naruto kuwa sunan mashigin teku ne a Japan, tsakanin tsibirin Awaji da Shikoku, wanda ya yi suna saboda irin wannan juyin ruwan. Har ila yau sunan wainar kifin nan ce mai zanen murɗe da ake ɗorawa kan taliyar ramen. A cikin labarin ma, Jiraiya, malamin Minato kuma marubuci, na cin ramen ne sunan ya faɗo masa, ya raɗa wa jarumin littafinsa, iyayen yaron suka ara.

Wanda ya fi burge ni shi ne na malamin Naruto da abokan karatunsa biyu. Japanawa sunan dangi suke fara faɗa, to da na jera shi yadda suke yi, Hatake Kakashi, sai ga shi ya fito fili: hatake gona, kakashi mutum-mutumi. Mutum-mutumin gona ke nan, mai tsayuwa shiru yana gadin shuka. Ina ganin babu sunan da ya dace da mai renon ɗalibai uku kamar wannan. Tambarin dangin Uchiha na cikin labarin kuma mafici ne, uchiwa da yarensu, abin rura wuta, ga dangin da wuta ce makaminsu.

Jiraiya da tsofaffin abokansa Tsunade da Orochimaru ba ma Kishimoto ne ya ƙirƙiri sunayensu ba. Daga wata tsohuwar tatsuniyar Japan ta ƙarni na 19 ya ɗauko su, har da kwaɗon Jiraiya da macijin Orochimaru.

Da na zayyana wa ƙanena duk wannan, ya yi shiru, can ya ce, "To Itachi fa?" Na ce sunan wata 'yar dabba ce mai kama da tunku. Ya ɗauko biro ya fara jera sauran sunayen da za mu duba.