Ranar da muka kalli Baahubali 2 da yaren da ba ma ji

Kusan shekara biyu muna dakon amsar tambaya guda: me ya sa Kattappa ya kashe Baahubali? Kashi na farko ya fito a watan Yulin 2015, ya ƙare daidai inda bawan nan mai furfura ya soka wa ubangidansa takobi ta baya. Da kashi na biyu ya fito ranar Juma'a, 28 ga Afrilun 2017, ina karatu a Haidarabad ta ƙasar Indiya, garin da aka ɗauki yawancin fim ɗin, a Ramoji Film City. Ka ga kuwa babu batun jiran faifai.

Ni na ɗauki nauyin yankar mana tikiti ta waya, ni da abokin ɗakina, wani Bakatsine mai yawan ƙorafi. Kujeru suna ƙarewa kamar ana rabon kyauta, sai na danna wanda na fara gani ba tare da na duba yare ba. An saki fim ɗin da Telugu da Tamil, an kuma juya shi zuwa Hindi da Malayalam. Hindi muke ɗan tsinta. Telugu na saya.

Ba mu farga ba sai da muka zauna. Kafin nan mun sha kallo a waje, inda aka kafa hoton Prabhas, jarumin fim ɗin, ya fi bene tsawo, an rataya masa furanni, samari na ta kiɗa cikin zafin rana. A ciki kuma sai da kowa ya miƙe tsaye aka rera taken ƙasa, domin a lokacin kotun ƙolin Indiya ta wajabta hakan a gidajen sinima. Da aka fara magana a majigi, mutumina ya juyo ya harare ni.

"Malam, wannan kuma wane yare ne?"

Na ce ya yi haƙuri, kuɗi dai sun riga sun tafi.

Abin da ya cece mu shi ne tarbiyyar gida. Mahaifina yakan ba mu labarin yadda suke cika sinimar Marhaba da Plaza a Kano suna kallon finafinan Indiya babu fassara, su fito su ba da labari tiryan-tiryan. Ashe gadon yana jikina. Sarauniya Sivagami ta ɗauko tukunyar wuta a ka, giwa ta ɓalle, Baahubali ya tare ta. Wannan ba ya bukatar tafinta. Haka rikicin uwar miji da matar ɗa tsakanin Sivagami da Devasena, da hassadar ɗan'uwa a kan gadon sarautar Mahishmati. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san karatun tun kafin a buɗe baki.

Inda yare ya gagare mu, 'yan kallo suka zama masu fassara. Wurin da aka gurfanar da Devasena a fada don ta datse yatsun wani shugaban dakaru mai taɓa mata, Baahubali ya shigo yana taku ɗaiɗai, ya faɗi wata magana, ya fille kan mutumin. Zauren ya kaure da fito da ihu, takardu na ta yawo a sama, wani dattijo da ke gefena ya riƙe min hannu yana girgizawa kamar ni na yi saran. Daga baya ne ya bayyana mana da guntun Turancinsa cewa abin da jarumin ya ce shi ne, mai taɓa mace ba yatsa ake yanke masa ba, kai ake cirewa.

Amsar da muka yi ta jira kuwa, gaskiya ba ta kai ɗokin ba. An yaudari Sivagami ta ba da umarni, Kattappa kuma bawan gadon sarauta ne, ba shi da ikon cewa a'a. Tun kafin a zo wurin na hango ta. Abin da ya taɓa ni shi ne shirun da zauren ya yi, mutanen da suka kusa fasa mana kunne ɗazu suna jan majina a duhu. Yaƙin ƙarshe, inda ake lanƙwasa bishiyar giginya ana cilla sojoji cikin ganuwa, dariya ya ba ni, kuma darakta Rajamouli ya ja shi fiye da kima.

Na yi kuskure na biyu, ban sake kallon kashi na farko ba kafin mu je, don haka na daɗe ina rikita uba da ɗa, tunda Prabhas ne ya fito a duka biyun. Na uku, na shiga da yunwa fim mai kusan awa uku, na sayi gugguru a farashin abincin rana. Tun daga nan, kafin in biya kuɗin tikiti sai na karanta layin yare sau biyu.

Bayan mako guda muka koma muka kalli na Hindi a wani zaure mai sanyi, kowa ya nutsu kamar ana lacca. Mun fahimci kusan kowace magana. Muna fitowa Bakatsinen ya ce, "Wallahi na Telugun ya fi daɗi." Har yau bai biya ni kuɗin tikitin farko ba.